Kwabban Tibet da Tsamiyar Kawu Lawali

Talata: daga Unaiza zuwa Riyad

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na asuba na ja ƙofar ɗakina a gonar dabinon da nake aiki, bayan garin Unaiza. Jaka ɗaya a kafaɗa, sai ƙaramin akwatin katako da na naɗe cikin tawul na rungume a ƙirji. 'Yan uwana na Damagaram da kuke ta tambaya a waya, "Isufu, yaya aka ƙare da tafiyar?", ga amsarku gaba ɗaya, don na gaji da cewa sai a hankali.

Ku fara jin abin da ya tashe ni. Mai gonar ya rasu bara, magada sun sayar, sabon mai ita kuma ya zo da ma'aikatansa. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, saura mata kwana goma sha tara ranar da na fito. In ban sami wanda zai karɓi kafalata ba, wato sabon ubangidan da zai tsaya min a takarda, kafin nan, sai jirgi. Shekarata arba'in da shida, 'ya'ya biyar, uku suna makaranta, a gida kuwa ko fegi ba ni da shi.

Abin da ke cikin akwatin kwabban tagulla ne na ƙasar Tibet, guda arba'in da uku, shekara goma sha ɗaya ina tara su. Na san kuna dariya, dama can kun saba. Wani ɗan Nefal da muka yi ban-ruwa tare, Fasan, shi ya ba ni na farko ranar da zai koma ƙasarsu: baƙin kwabo, zaki tsaye a gaban duwatsu. Ya ce da irinsa kakansa ke sayen gishiri a bayan tsaunuka. Tun daga nan abin ya kama ni. Na koyi karanta lambobinsu, na shiga wani zauren masu tara tsofaffin kuɗi a waya. A nan ne wata rana na gyara wa wani dattijo shekarar kwabonsa, ashe babban mai tarawa ne a Riyad, ana ce masa Abu Sultan. Da ya ji halin da nake ciki sai ya rubuto min: "Ina neman mai kula min da nawa. Zo gidana a Nasiriyya ran Laraba bayan La'asar, ka taho da naka in ga yadda kake riƙonsu."

Mota ta kaddad na shiga, irin masu ɗaukar fasinja a motar kansu, riyal tamanin. Mu huɗu ne: ni, Bangali biyu da wani ɗan Sudan. Direban, wani Bayamane mai yawan surutu, ya miƙo hannu zai jefa akwatin a but.

"La, la! Wannan a cinyata zai zauna."

"Zinari ne, ya sadik?"

"Tagulla ce."

"To wallahi ka fi mai zinari wahala," in ji shi, ya tayar da mota.

Biyar da rabi muka yi Asuba a masallacin wani gidan mai. Gari ya waye mana a cikin jan yashin nan na kusa da Zulfi. Bakwai da kwata muka tsaya a Majma'a, na ci gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, da shayi, riyal bakwai, da hannu ɗaya, ɗayan yana kan akwatin. Shingen bincike ɗaya muka tarar, gab da shiga Riyad. Jami'in ya duba iƙamata, ya dube ni, ya ce, "Ta kusa, ka sani?" Na ce na sani. Ya miƙo min, muka wuce. Kilomita ɗari uku da talatin da ɗoriya, goma saura kwata aka sauke ni a Bataha.

Bataha

Wanda bai ga Bataha ba, ya ɗauki kasuwar Dole ranar Alhamis ya ɗora mata benaye. Shagunan waya, wuraren aika kuɗi gida, masu kiran fasinja, kowane yare na duniya. Na kutsa da akwatina har lungun da Kawu Lawali yake, hawa na uku, ɗaki ɗaya su biyar, sauran huɗun duk mutanen Maraɗi.

Kawu Lawali ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa talatin da ɗaya a Riyad. Mu gidan maƙeran fari ne ta wajen uwa, kuma shi bai bar sana'ar ba: aikinsa goge dalla, butocin gahawan nan na tagulla, a bayan wani shago a kasuwar Dira. Ya dawo bayan Magariba ɗauke da tuwon shinkafa miyar kuka da ya sayo wajen wata Hajiya a ƙasan benen, ya rungume ni yana faɗa.

"Ɗan nema! Sai da wuya ta yi wuya ka tuna kana da kawu?"

"Kawu, gona ce ba ta barin mutum."

"Ci tuwo, ƙaryarka ta yi ƙarfi. Ina dukiyar da aka ce ka zo da ita?"

Na wanke hannu na buɗe. Kowane kwabo yana cikin ƴar takardarsa, na rubuta sunansa da shekararsa a jiki. Na fara zaro su ina jerawa a kan tawul, mutanen Maraɗi suka matso.

"Wannan kare ne ko tunkiya?" in ji Kawu.

"Zaki ne, Kawu. Zakin ƙanƙara suke ce masa."

"Zakin da bai taɓa cin nama ba ke nan."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na nuna musu manya masu darajar sho biyar a lissafin kuɗinsu, zaki a gaban duwatsu da rana da wata a sama, da ƙanana da ake kira sikar. Na nuna musu yadda ake karanta shekara, lamba biyu, don su shekaru sittin-sittin suke ƙirga zamani kamar Sinawa. Sannan na zaro babban. Shi kam ba zaki a jikinsa. An buga shi a Lasa sama da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da wakilin sarkin Sin ke zaune a garin da sojojinsa. Fuska ɗaya haruffan Sinanci ne guda huɗu, ɗayar kuma dodon nan nasu mai jikin maciji da ƙafafu, rubutun Tibet ya kewaye shi. Ba a daɗe ana buga irinsa ba aka fitar da Sinawan, dodo ya sauka, zaki ya dawo. Amma in ka jera su ka duba da kyau, ko a na zakin hannun Sin bai fita duka ba: zoben ɗige-ɗigen da ke tsakiya da yadda rubutu ke zagaye shi, duk irin na kwabban lardunan Sin ne. Shekara shida na yi ina neman dodon nan, sai da na ba wani mutumin Dammam zakuna bakwai kafin ya sakar min shi.

Kawu ya ɗauka ya kai kusa da fitila. "Ai ba a ganin komai. Baƙi ƙirin, ga kore-kore."

"Tsufa ne, Kawu."

"Hm," ya ce, ya ajiye.

Na yi awa guda ina zuba kamar malamin makaranta. Na faɗa musu sunan kowane kwabo, da inda na samo shi. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, don a wajen masu tarawa ba a ma faɗarsa, kowa ya sani: wannan baƙin da koren su ne kwabon. Ba a gogewa.

Laraba da safe

Takwas da rabi Kawu ya dube ni sama da ƙasa. "Da wannan gemun za ka shiga Nasiriyya? Kamar wanda aka ciro daga rijiya. Tashi ka je aski, ka kai jallabiyar nan guga. Bar kayan nan, ni ma tara zan fita, zan kulle ɗaki."

Na tashi. Akwatin yana kan tabarma, ko maɗaurinsa ban sa ba, don da safen na sake buɗewa ina duba takardun. Wajen aski na tarar da mutum shida a gabana, riyal goma sha biyar. Mai guga ya ce in dawo bayan awa ɗaya, na zauna na jira shi. Sha biyu saura minti goma na hawo benen, tun daga hawa na biyu nake jin ƙamshin tsamiya. Har na ce a raina, wani yana dama kunu.

Ƙofar a buɗe take. Kawu bai je aiki ba. Yana zaune dirshan ya naɗe hannun riga, gabansa kwano da jiƙaƙƙiyar tsamiya, gwangwanin toka, da guntun buhu irin wanda yake dirzar dalla da shi. Takarduna an tara su gefe guda. A kan tawul kuwa kwabbaina ne a jere, arba'in da uku, jajaye, suna ƙyalli har suna kashe ido.

"Yauwa! Zo ka gani," in ji shi, bakinsa har kunne. "Yanzu Balaraben nan zai san ɗan gidan maƙera ne ya zo masa. Na ce wa mai shago yau ba ni zuwa, ɗana yana da babbar rana. Wannan mai macijin shi ya fi ba ni wahala, wallahi sai da na sa masa yashi."

Na durƙusa na ɗauki dodon. Ɓawon jikinsa, da nake ƙirgawa ɗaya-ɗaya da madubi, ya tafi. Gashin bakinsa ya tafi. Saura wani abu mai kama da igiya a kan jan ƙarfe, da zane-zanen yashi ta ko'ina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ban taɓa jin abin da na ji ba tun ranar da aka bugo min rasuwar Inna. 

Na ɗago zan yi magana sai na ga yatsunsa. Tsamiya ta cinye su sun yi fari, babban ɗan yatsan ya tsage yana jini kaɗan-kaɗan, shi kuma yana kallona yana jiran yabo. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa Idi. Me zan ce masa?

"Sannu da aiki, Kawu."

"Ai ba komai. Sun yi kyau ko?"

"Sun yi haske."

Na mayar da su cikin takardunsu, ina ta sa wani a gidan wani. Na yi tunanin in buga wa Abu Sultan in ce ba ni da lafiya, a ɗaga zuwa Asabar. To in ce hakan sai me? Baƙin da shekara ɗari ta yi ba zai dawo ran Asabar ba, kuma saura min kwana goma sha takwas.

Nasiriyya

Uku da minti arba'in, bayan La'asar, na shiga tasi, riyal ashirin, tafiyar da ba ta fi kilomita biyar ba. Unguwa ce shiru, manyan katangu da itatuwa. Aka shigar da ni majalisa, ɗakin baƙi, aka ba ni gahawa da dabino, ban taɓa ko ɗaya ba. Abu Sultan ya fito, dattijo siriri mai sanda, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Kai ne Yusuf da ya kunyata ni a gaban mutane ɗari biyu? Ahlan, ahlan. Zo ka ga ɗakin tukuna."

Ɗaki ne guda, kabad-kabad masu siraran aljihuna tun daga ƙasa har sama. Ya jawo ɗaya, duk na Tibet ne. Ya zaro kwabo ya ce in karanta, na karanta. Ya zaro wani, na ce wannan na jabu ne, wutsiyar zakin ba haka take ba. Ya yi dariya ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce shekara uku yana gardama da wanda ya sayar masa. Ya nuna min tebur kusa da taga ya ce nan mai aikin zai riƙa zama, akwai ɗaki kuma a bayan gida. Na dubi teburin nan, wallahi har na ga kaina a kai.

"Yalla, mu ga naka. Dodon nake so in fara gani."

Ya sa farar safar hannu. Na miƙa masa takardar. Ya zazzago kwabon a tafinsa. Ko madubin bai ɗauka ba. Ya buɗe takarda ta biyu, ta uku, ta huɗu, sannan ya tsaya.

"Duka?"

"Duka."

"Hoton da ka turo min ba haka yake ba. Yaushe?"

"Yau da safe."

"Wa?"

Na faɗa masa gaskiya. Na ce kawuna ne, mai goge dalla, ya yi ne don ya taimake ni. Ya jinjina kai, ya ce Allah ya saka wa kawun da alheri, shi ba shi da laifi, aikinsa ya yi.

"Kai kana ina?"

"Na je aski."

"Akwatin a kulle?"

Na ce a buɗe na bar shi. Ya cire safar a hankali ya ninke ta.

"Ya Yusuf, ka fi ni sanin kwabban nan, ban musa ba. Amma karatu ina da littattafai. Gidan nan akwai masu aiki shida, kowannensu in ya ga abu ya yi duhu hannunsa ƙaiƙayi yake. Ga jikoki. Abin da nake nema shi ne wanda zai tsaya tsakaninsu da ɗakin nan ranar da ba na nan. Kai naka, da ka fi so a duniya, ka bar su a buɗe ka tafi aski. Ma'alesh, ka yi haƙuri."

Da zagina ya yi da na sami abin riƙewa. Ba ƙarya ko ɗaya a maganarsa. Na roƙe shi, ban ɓoye muku ba, na ce ya gwada ni wata ɗaya ko ba albashi, na ambaci 'ya'yana. Ya ce kafala ba a gwada ta wata ɗaya. Ya raka ni har bakin ƙofa da kansa, huɗu da minti arba'in ina kan titi.

Murabba

Ban nemi mota ba. Na bi titi da ƙafa, akwatin a hammata, ba kuma a ƙirji ba. Wajen minti arba'in na iso unguwar Murabba, na shiga gidan tarihi don kawai in sami inda ba wanda zai yi min magana. Ƙafata ta kai ni gaban wani gilashi mai tsofaffin kuɗi. Ga su nan wasu baƙaƙe, wasu kore, an kunna musu fitila, mutane suna ɗaukar hoto. Na tsaya har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Na fita na zauna a kan dakali a lambun, na yi kuka irin na yara, da majina da komai. Na zagi kaina, na zagi gemun, na zagi ranar da Fasan ya miƙo min kwabon farko, sannan na yi istigfari na tashi na yi Magariba.

Da na koma Bataha, Kawu yana bakin benen yana jirana.

"Yaya? Ya gani?"

"Ya gani."

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya saka maka da alheri."

"Ka ji ko!" Ya juya wajen mutanen Maraɗi. "Ban faɗa muku ba? Aikin fa?"

"Ya ce zai kira ni."

Ƙaryar da na yi ke nan, kuma ita ce har yau a wuyana. Ya aika aka sayo shinkafar kabsa da kaza biyu, aka ci ana yi min barka.

Alhamis: komawa

Bakwai na safe Kawu ya raka ni tasha. Wannan karon babbar bas na shiga, don ba ni da ƙarfin surutun direban kaddad. Akwatin na sa shi a ƙasa wajen kaya tare da jakunkunan mutane. Mun tsaya sau ɗaya a Sudair, ban sauka ba. Ba a tsayar da mu a shinge ba. Sha biyu saura kwata muka shiga Unaiza, wani mai ɗaukar taki ya rage min hanya zuwa gona, ɗaya daidai na buɗe ɗakina. Sababbin ma'aikatan sun riga sun jingina katifunsu a barandar, suna jiran in fita.

Na buga wa mutum tara tun daga ranar. Mai gidan kaji ya ce shekaruna sun yi yawa, mai wankin motoci ya ce ya cika, sauran ba su ɗauka ba. Na gaya wa matata Hadiza ta fara neman wanda zai ba mu aron gona kafin damina.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mutanen Maraɗi da suka matsa min wurin kwana, da Abu Sultan da ya faɗa min gaskiya a fuskata, da ku da kuka yi ta addu'a. Na gode wa Kawu Lawali, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa, don a duk ƙasar nan ba wanda ya taɓa barin aikinsa na yini saboda ni sai shi. Roƙona ɗaya: Kawu ba ya karatun boko, to wanda ya san shi a cikinku, don girman Allah kada ya karanta masa wannan. Ni zan faɗa masa da bakina, in na sami bakin.

Jiya bayan Azahar ya bugo. Ya ce Nasiriyya da Bataha ba nisa, ranar hutu a wajensa zan riƙa kwana, don haka ya sayo min katifa, sabuwa, ko ledar bai cire ba. Ya ce, "Balaraben ya kira?"

Na ce, "Tukuna, Kawu."

Ya ce, "Zai kira. Ai ya ga aiki."